Na Shiga Disney da Kular Abinci, Kuma Ban Ji Kunya Ba

Masu karatu, akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a littattafanmu na hikaya, musamman waɗanda ake kai amarya yawon shaƙatawa ƙasar waje bayan biki. Za ka ga marubuciya ta kwashe shafi uku tana zayyana otal ɗin da suka sauka, da irin gadon, da turaren da ke tashi a falo, ta kawo ka teburin cin abinci inda aka jera kaji da kifi da lemuka kala-kala, amma ko sau ɗaya ba za ka ji an kawo takardar kuɗin abincin ba. Ango dai ya zaro kati ya miƙa, shi ke nan, sai babi na gaba. Ban ga laifin marubutan ba, domin mai karatu hutawa ya zo yi, bai zo darasin lissafi ba. To amma da yawa daga cikinmu da wannan hoton muke tashi idan Allah Ya hore mana tafiya ta gaske. Sai mu yi tanadin kuɗin jirgi da na masauki da na tikitin shiga, mu bar maganar ciki a matsayin ƙaramin abu da za a ji da shi idan an je. Alhali kuwa ciki ba ya ɗaukar hutu, sau uku yake neman haƙƙinsa a rana, kuma a irin wuraren nan na wasan yara shi ne ramin da kuɗin maigida ke zurarewa ba tare da ya ji ƙararsu ba.

A nawa ra'ayin, duk iyalin da za su je irin wannan wuri su zauna su yi kasafin abinci tun kafin su ɗaure kaya, su kuma tafi da guzurinsu ba tare da sunkuyar da kai ba. Zan yi magana ne a kan Orlando da ke jihar Florida ta Amurka, domin can na sani. Mun daɗe zaune a yankin Atlanta, tafiyar kamar awa bakwai ce a mota, kuma da wuya a yi dogon hutun makaranta ban ji wasu 'yan uwanmu Hausawa daga Bronx ko Houston ko Maryland ko Ingila sun ɗebi yara sun nufi can ba. A da har daga gida Najeriya ana zuwa sosai, kafin Amurka ta tsaurara maganar biza a 2025.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Disney World gari ne guda, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100, kuma manyan filayen wasa huɗu ne a ciki. Akwai Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, da EPCOT a 1982, da Hollywood Studios a 1989, da Animal Kingdom a 1998. Ranar da aka buɗe na farkon, dala 3 da rabi babban mutum ke biya a ƙofa. A 2024 kuwa tikitin yini ɗaya yana kamawa daga dala 109 har zuwa 189, gwargwadon rana da filin da ka zaɓa. Wanda ya biya wannan kuɗi ba zai so ya ɓata awa biyu wajen fita neman abinci mai araha ba, kuma masu wurin sun san haka sarai. Kai a Magic Kingdom ma ba ka ajiye mota a ƙofa. Can nesa ake ajiyewa, sannan ka hau jirgin ƙasan nan mai tafiya a kan layi ɗaya, ko jirgin ruwa ya tsallakar da kai wani tafki, kafin ka ga ƙofar shiga. Fita da dawowa aiki ne ja. Saboda haka da zarar ka shiga, ka zama kamar matafiyin da motarsa ta lalace a ƙauyen da mai shayi ɗaya ne: duk yadda ya ce maka kofi yake, haka za ka biya. Ban kira wannan zalunci ba, kasuwa ce, kuma ko a filin jirgin sama haka abin yake. Abin da nake cewa shi ne mai hankali ya san kasuwar da zai shiga.

Bari mu ɗan taɓa lissafi, ko da yake na san wasu da sun ga lamba suke tsallake shafi. Mu ɗauki gida mai mutum shida: uba da uwa, da yara masu shekara 14 da 11 da 7, da auta mai shekara 2. Abu na farko da zai ba maigida mamaki shi ne, a tsarin Disney yaro daga shekara 3 zuwa 9 ne kawai yaro. Da ya cika 10 ya zama babba, a tikiti da kuma a duk gidan abincin da ake biyan kuɗi a kan kowane kai. Wato wannan gida manya huɗu gare su, da yaro ɗaya, sai autar da ke shiga kyauta. A wuraren da ake bin layi a karɓi abinci a tire, waɗanda su ne masu sauƙi, faranti ɗaya da kofin lemo da haraji zai tasam ma dala 20, na yaro kuwa wajen dala 9. Ci ɗaya ke nan ya kusa dala 90. Rana da dare, 180. Ka ƙara ruwan gora da ake sayarwa kusan dala 4, da askirim, da gugguru, da ɗan abin da yaro zai gani a hannun wani yaro ya kafe, ka ga yini ya tashi a wajen dala 225 ba a ma yi maganar karin kumallo ba. Kwana biyar, an haura dala 1,100. Idan ka buga da naira 1,500 a kan kowace dala, kamar yadda canji ya yi ta shawagi a 2024 da 2025, miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da hamsin ke nan, a kan soyayyen dankali da gutsuren kaza. Da a ce wani abincin kirki aka ci, da sai a ce an more.

Wannan fa a wurare masu sauƙi ke nan. Idan aka zauna a gidan abincin da ake zuwa a tambaye ka abin da kake so, sai wasu abubuwa biyu da ba mu saba da su ba su kunno kai. Na farko, farashin da ke rubuce ba shi ne za ka biya ba, domin a Amurka sai a wajen biya ake ɗora haraji, wanda a yankin Orlando kashi 6 da rabi ne cikin ɗari. Na biyu shi ne tukuicin ma'aikacin da ya yi muku hidima, kashi 18 zuwa 20. A wurinmu tukuici ganin dama ne, a can kuwa da shi ma'aikacin ke rayuwa, kuma hana shi abin kunya ne na gaske. Idan kun kai mutum shida a teburi ma ba a jiran ganin damarku, ana saka kashi 18 ɗin a takarda kai tsaye. Gidan Bahaushe nawa ne ba su kai shida ba? Saboda haka duk abin da ka gani a rubuce, ka ƙara masa kusan rubu'i a zuciyarka kafin ka ce a kawo.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, ko kuma sun sani suka kau da kai. Disney World ba su hana shiga da abinci ba. Dokarsu a rubuce take: kana iya shiga da abincinka da abin shanka muddin ba giya ba ce, ba a cikin kwalba ko mazubin gilashi ba, ba abin da sai an ɗumama ko an sa a firji ba, kuma ba mai ƙarfin wari ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ina jin kamar da miyar kuka mai daddawa aka rubuta shi, don haka a bar ta a gida. Kula ko jaka kada ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsayi. Tun 2019 sun hana zuba ƙanƙara tsurarta a cikin kula, amma gorar ruwan da ka daskarar a firji tun dare tana wucewa lafiya, ta sanyaya maka abinci da safe, da rana kuma ta narke ka sha. Masu binciken jaka a ƙofa sun saba gani, ko kallo na biyu ba sa yi maka.

Ni abin da nake ɗauka ba wani abin a zo a gani ba ne. Burodi da aka shafa wa man gyaɗa ko aka cusa wa kifin gwangwani, dafaffen ƙwai, ayaba da tuffa da inabi, dabino, soyayyar gyaɗa, cincin, wani lokaci soyayyar kaza da na daskarar ta huce a hanya. Kowane yaro da 'yar jakarsa ta goyo da gorarsa, domin kada kayan su taru a kan mutum ɗaya. Shinkafa ce nake taka-tsantsan da ita. Zafin Florida a watannin Yuni zuwa Agusta yana kaiwa digiri 33, ga gumi kamar a Legas, kuma masana lafiyar abinci na Amurka sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya. Dafa-dukar da aka zuba a roba da asuba aka buɗe da azahar tana iya mayar da hutun kwana biyar ya koma zaman asibiti, kuma wanda ya san kuɗin asibiti a Amurka ya san arahar ta zama tsada. In dai shinkafa ce, sai a cikin kular kirki mai riƙe zafi, a kuma ci da wuri.

To ina matsalar take? Matsalar kunya ce, kuma a nan nake son in ɗan daɗe. Akwai wata baiwar Allah da muka taɓa haɗuwa da iyalinta a can, da ta ga na buɗe jaka a inuwa ina raba wa yara burodi sai ta matso ta rage murya ta ce, "Haba Maman Amira, a nan ɗin? Ai sai a ɗauka ba mu da shi." Na ce mata, "Hajiya, waiwaya ki dubi bencin bayanki." Wani Bature ne da matarsa da 'ya'ya uku, kowa riƙe da burodinsa da aka naɗo a leda daga gida, suna ci suna dariya. Su da ƙasarsu, su da kuɗinsu, ba su ga abin kunya ba, sai mu da muka zo baƙunta. Wa ma ya san ki a cikin wannan taro? Magic Kingdom kaɗai mutum sama da miliyan 17 suka shige shi a 2023. Babu mai lokacin leƙa jakar wani.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne guzuri namu ne tun asali. Fatake da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja ba su dogara da abincin zango ba. Alhazanmu har gobe da garinsu da ƙuli-ƙulinsu da yajinsu suke tafiya. Ranar yawon Sallah a Gidan Zoo na Kano, uwa da kularta take zuwa, a shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ba wanda ya ce ta yi abin kunya. Yaushe ne ɗaukar guzuri ya zama alamar talauci? Ina ganin tun lokacin da tafiya ta koma abin nunawa. Yanzu rabin dalilin zuwan wasu shi ne hoton da za a saka a Instagram da WhatsApp, kuma burodi da kifin gwangwani ba ya kyau a hoto. Sai mutum ya goga katin bashi ya sayi abincin da bai ma yi masa daɗi ba, ya dawo gida ya yi wata shida yana biya da kuɗin ruwa a kai, waɗanda aka yi don su gani kuwa sun daɗe da mantawa. Na san gidan da rigimar da ta biyo bayan irin wannan tafiya ta fi daɗin tafiyar tsawo.

Maganar ruwa ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce aka fi asara a kanta. A yini guda mutum yana taka kilomita goma ko fiye a cikin rana, dole ya sha ruwa da yawa. Duk wurin da ake sayar da abinci a tire, idan ka nemi kofin ruwan sanyi za a ba ka kyauta, ko ba ka sayi komai ba. Akwai kuma famfunan sha da wuraren cika gora. Gaskiya ruwan famfon Florida yana da wani ɗan ɗanɗano da baƙo ba ya so, amma yankan lemon tsami ɗaya ko ɗan garin lemo yana gyara shi. Mutum shida, gora uku-uku a rana, a kan kusan dala 4, ka buga ka gani: dala 70 ke nan a kan ruwa kawai.

Sai dai kada a ɗauka ko'ina haka yake. Universal, wanda shi ma a Orlando yake, inda masoya littattafan Harry Potter ke tururuwa tun 2010, kuma suka buɗe sabon filinsu Epic Universe a watan Mayun 2025, dokarsu ta fi tsauri. Suna barin ruwan gora har lita 2, da ɗan abin taɓawa, da abincin jarirai ko na mai lalura, amma babbar kula da cikakken abinci ba sa shiga. Ranar da za ku can sai a ci a ƙoshi kafin a fita, a kuma ware kuɗin ci ɗaya a ciki. Kowane wuri a duba shafinsa na intanet kafin a tashi. Af, kuma abin shan nan nasu da ake kira Butterbeer, sunan ne kawai mai tayar da hankali, babu giya a ciki, zaƙi ne zalla.

Rabin tanadin tun wajen zaɓen masauki ake yin sa. Yankin Kissimmee, musamman gefen babbar hanya mai lamba 192, cike yake da gidajen haya na kwanaki masu kicin da firji da tukwane, kuma ga babban iyali sau da yawa sun fi ɗakuna biyu a otal sauƙi. Ranar da kuka sauka a wuce Walmart ko Aldi ko Publix a yi cefanen mako gaba ɗaya. Akwai kuma shagunan Larabawa da 'yan Pakistan masu sayar da naman halal a garin. Mu cefanen da muke yi na mako bai cika wuce abin da za mu kashe a yini ɗaya da rabi a cikin filin wasa ba. Karin kumallo a gida, shayi da burodi da ƙwai, a ci sosai. Rana a ci guzuri. Dare a dawo a ci mai zafi. Amma a sa kuɗin ajiye mota a lissafi, wanda ya kai dala 30 a rana a 2024, domin wanda ya sauka a otal ɗin Disney ba ya biyan wannan.

A nan ne kuma zan juyo kan iyayen gida maza, domin na san wasunsu tun ɗazu suke gyaɗa kai suna cewa a kira uwargida ta zo ta karanta. Ku dakata. Wannan tanadi da ake yabo, a kan wa yake sauka? Idan tsarin shi ne mace ta tashi ƙarfe biyar ta dafa, ta shirya jakunkuna, ta yi wa yara wanka, ta yini tana tura keken jariri a rana, a dawo ƙarfe goma na dare kowa ya zube a kujera ita kuma ta shiga kicin, to ita ba ta je hutu ba, kicin ɗinta kawai aka sauya mata. Kuɗin da maigida ke murnar ya tsira da su, da ƙafafunta da bayanta aka biya. Na ga matan da suka dawo daga irin wannan tafiya sun fi yadda suka tafi gajiya, kuma idan an tambaye su sai su ce an sha daɗi, don kada a ce ba su da godiya. Ni ban yarda da tanadin da mutum ɗaya ke ɗauke da shi ba. A gidanmu ƙa'idar ita ce wanda bai dafa ba shi ke wanke-wanke, yaran da suka tasa su ke haɗa burodin gobe tun dare, Abban su Amira kuma shi ke da shayin safe da soya ƙwai, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa. Miya ana yin ta sau ɗaya mai yawa ranar farko, ko a taho da ita a daskare idan tafiyar mota ce, sauran kwanaki sai dafa taliya ko shinkafa, aikin minti ashirin. Sannan a cikin kasafin a ware dare biyu da ba za a kunna murhu ba sam. Gidajen abincin halal na Turkawa da Indiyawa da Larabawa suna nan a kan International Drive da kewaye, kuma farashinsu na gari ne. Namijin da ya ga wannan ya yi masa yawa, to ya buɗe aljihu ya sayi na cikin filin, kada ya ce yana tanadi da ƙarfin 'yar mutane.

Akwai wani tsari da Disney ke tallatawa ga masu sauka a otal ɗinsu, inda za ka biya kuɗin abinci gaba ɗaya tun kafin ka zo. Sun dakatar da shi a 2020 lokacin korona, suka dawo da shi a Janairun 2024. A shekarar, ƙaramin tsarin yana kusan dala 57 ga babba a kowane dare da kusan 24 ga yaro, a ba ka ci biyu na tire da abin taɓawa ɗaya. Babban kuwa kusan dala 94 ne, ban da tukuici. Mutane na son sa saboda kwanciyar hankali, ka biya ka huta. Amma ka koma kan gidan nan namu mai manya huɗu da yaro ɗaya: ƙaramin tsarin ya kama dala 252 a rana, ya ma fi abin da muka lissafa idan da hannu suke saye. Dalili kuwa shi ne an gina farashin a kan wanda zai zaɓi nama mafi tsada ya kuma karɓi kofin giya a kowane ci, domin giyar tana cikin abin da aka biya ga wanda ya kai shekara 21. Kai da ba ka sha, kuma mai yiwuwa kifi ko ganye za ka ci, ka biya kuɗin abin da ba zai shiga bakinka ba. Sukan yi rangwame lokaci-lokaci, musamman a kan na yara, don haka a buga lissafi da farashin shekarar da za a je. Amma ga yawancin gidajenmu ban ga ribarsa ba.

Wannan ya kawo mu maganar abin da ya halatta, wadda ita kaɗai ma ta isa hujjar ɗaukar guzuri. Naman alade yana ɓuya a inda ba ka zata ba: a cikin wake, a kan ganye, a cikin miya. Alewar nan mai taushi kamar roba da yara ke so, yawancinta da jelatin ake yi, wanda galibi daga alade ake samo shi. Wani kifin kuma da giya ake kwaɓa fulawar da aka soya shi da ita. Ƙatuwar cinyar talotalon da za ka ga mutane na yawo da ita a hannu ta talotalo ce da gaske, ko da yake yadda aka sarrafa ta ya sa launinta da ƙamshinta suka yi kama da na alade, sai dai maganar yanka tana nan, kowa kuma da abin da ya ɗauka a wannan babi. Mafita ita ce tambaya, kuma ma'aikatan sun saba da masu tambaya. Manhajar wayarsu tana nuna abincin kowane wuri da farashinsa tun kana gida, abincin da babu nama ko madara ko ƙwai a ciki kuma an yi masa alamar ganye. A Magic Kingdom akwai Columbia Harbour House da suka fi ƙarfi a kifi. A Animal Kingdom, a wani wuri da ake kira Satu'li Canteen, na ga yarana sun yi tsit suna kallon kwano, can babbar ta ce, "Umma, wannan ai awara ce!" Awara ce kuwa, soyayya da yaji, an ɗora ta a kan shinkafa an ba ta suna mai tsada. Farantansu manya ne, biyu na isar mutum uku, kuma a wuraren tire babba na iya sayen abincin yara ba mai hana shi.

Ga masu tasowa daga gida ko masu jiran saƙo daga gida, a yi hattara da kilishi da dambun nama. Dokar Amurka ta hana shigo da irin wannan nama daga ƙasashenmu, kuma karnukan kwastan a filin jirgi aikinsu ke nan. Duk abincin da ke jakarka ka faɗa da bakinka. Idan ka faɗa, iyakaci a karɓe wanda bai halatta ba a zubar. Idan ka ɓoye aka gano, tara ce, ga ɓata suna a takardunka.

Kada kuma tanadi ya zama rowa. Yaro bai san canjin dala ba, abin da ya sani shi ne kowa na lasar askirim mai kunnuwan Mickey shi kuma an ce ya ci dabino. Idan ka hana shi komai, abin da zai tuna da tafiyar ke nan har ya girma. Abin da muke yi shi ne kowane yaro a saya masa katin kyauta na Disney a zuba masa adadin da aka yanka na kwanakin gaba ɗaya, a gaya masa tun a gida cewa idan ya ƙare ya ƙare. Za ka sha mamakin yadda yaron da ke kuka a kan komai zai koma ɗan kasuwar Kwari da zarar kuɗin nasa ne, yana juya abu yana tambayar farashi yana mayarwa. Manyan kantuna irin su Sam's Club ma sukan sayar da katin ƙasa kaɗan da abin da ke cikinsa. Bokitin gugguru kuma a saya ɗaya ranar farko, domin sake cika shi ɗan kuɗi kaɗan ne, ya yi ta zagaya hannu har a tashi. Askirim ɗin abarba da ake kira Dole Whip kuwa, wannan ni kaina ba na wuce shi.

Cin abinci tare da masu shigar Mickey ko Cinderella, inda suke zagayowa teburi ana hoto, shi ne mafi tsada, babba ɗaya na iya haura dala 60. Idan akwai 'yar shekara biyar da ta yi shekara tana mafarkin abin, a yi mata sau ɗaya, a zaɓi na safe da ya fi sauƙi, a kama wuri tun kwana 60 kafin ranar domin a lokacin ake buɗewa. A kuma tuna idan an kama ba a je ba, ana cirar dala 10 a kan kowane mutum. In kuwa yaran sun wuce wannan shekaru, ana ganin waɗannan mutanen a cikin fili a yi hoto da su ba a ƙara ko sisi ba, layi kawai za a bi.

Saura magana ɗaya mai nauyi a baki, wato idan gida biyu ko uku suka haɗu suka tafi tare. Al'adarmu ta ce babba ko mai masauki shi ke biya, kuma da an zo wajen biya sai ka ga ana rige-rigen zaro kati, "Haba Yaya, bar shi," "A'a wallahi ba za ka biya ba." A gidan abinci a Kano wannan karamci ne mai kyau. A wurin da ci ɗaya na mutum goma sha biyu zai iya cinye albashin mako, wanda ya yi rantsuwar ranar farko yakan kwana yana juyi, rana ta uku kuma fuska ta fara sauyawa, matan su lura, yaran ma su lura. Gara a yi maganar tun ana waya kafin a taso, lokacin da ba a gaban kowa ba: cefanen gida a haɗa kuɗi a raba bisa yawan kawuna, abin da aka saya a cikin fili kuma kowane gida ya ji da nasa. Wanda Allah Ya buɗa wa yake son ya yi alheri, ya ɗauki dare ɗaya ya ce yau kowa baƙonsa ne, ya zaɓi wurin da kansa.